Iya Imidiyetli da Kwandon Bakwaini

Ku da kuke cin garau-garau ɗinta a bakin titin Sharada kuna ce mata Iya Imidiyetli, ba ku san inda ta samo sunan nan ba. Kun zaci don tana saurin zuba abinci ne. To ba shi ba ne, ku gyara zama ku ji.

Zuwaira ne sunanta na yanka. A Challawa aka haife ta, can gefen da ruwan majema yake bi ta bayan gari, gidansu da namu dangar kara ce ta raba. Ubanta manomi ne, yana da ɗan lambu a bakin kogi, har kamfanoni suka zo suka cinye rabin gonar, ya koma yana gadi a wurin da da yake shuka dawa. Boko kam ba ta yi ba, ni ma ban yi ba, allo ne muka ɗan taɓa. Amma tun tana yarinya ba a iya ta da baki. In babba ya faɗi abin da ba haka ba, za ta ce ba haka ba ne, a dake ta, ta share hawaye ta sake cewa ba haka ba ne.

Ta yi aure, ta haifi huɗu, mijin direban babbar mota ne, Allah ya yi masa rasuwa a hanyar Zariya. Da ta fita takaba ba ta zauna jiran kowa ba. Bompai ta fara zuwa, wani sito da ake tsince zoɓo, shekara uku tafin hannunta ja kamar wadda ba ta rabo da lalle. Daga nan wata ta yi mana hanya ni da ita muka koma Sharada, kamfanin da ake yin silifas na roba. Ba zan faɗi sunansa ba, yana nan har gobe.

Aikin mata a wurin ɗaya ne. Inji yana tofo silifas da zafinsu, mu kuma muna zaune a benci da reza, mu yanke robar da ta yi gemu a gefe, mu haɗa ƙafar dama da ta hagu, mu zuba a buhu. Kuma ba ma'aikatan dindindin ba ne mu. Kullum da safe za mu sauka daga adaidaita mu yi layi a bakin get, sufabaiza ya fito ya nuna da yatsa, ke, ke, ke. Wadda yatsa ya tsallake ta koma gida. Shekara goma sha ɗaya yatsan nan bai taɓa tsallake Zuwaira ba, don hannunta kamar iska yake.

Akwai abu biyu da sai kun gane su, in ba haka ba labarin ba zai shige ku ba.

Na farko bakwaini. In aka ɗauke wuta inji ya tsaya, robar da take bakinsa a narke sai ta fara sanyi. In an daɗe kafin wuta ta dawo, silifas ɗin da za su fara fitowa ba sa cika, wani babu dunduniya, wani babu wurin babban yatsa. Su muke ce wa bakwaini, kamar ɗan da aka haifa bai isa haihuwa ba. Akwai kwando shuɗi a gefen Zuwaira, ita take ware su tana jefawa ciki. Manaja kuwa, mutumin ƙetare ne, Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba, ya tsani kwandon nan. Kullum da yamma sai ya zo ya leƙa shi. In ya ga ya cika ya yi ta faɗa har wuyansa ya yi ja.

Na biyu ƙarfe. A jikin darbejiyar da take ƙofar ɗakin janareto an rataye tsohon wilin tifa. Ba kamfani ne ya kafa dokar ba, ma'aikata ne suka kafa wa kansu tun kafin mu zo. In an ɗauke wuta, kafin a juya layi zuwa janareto, sai an buga wilin nan da sifana sau uku. Wanda ya buga sai ya shiga ya bi zauren injuna tun daga farko har ƙarshe yana cewa "Hannu! Hannu!", kowane mai inji ya ɗaga hannu biyu sama ya gani da idonsa, sannan ya dawo a juya. Masu agogo sun ce minti biyar ne. Mu dai mun san ya ishe ki gyara ɗaurin zani, ki sha ruwa, ki yi gulma ɗaya da ta kusa da ke. Kun ga ke nan, duk ranar da aka bi dokar ƙarfe sai an sami bakwaini cike da kwando. Yatsun mutane a gefe guda, kwandon manaja a gefe guda.

Wanda dokar nan ta fi yi wa amfani shi ne Malam Ado, dattijo ɗan Ringim, mai aiki a injin niƙan roba. Duk bakwaini da gemun da muka yanke wurinsa ake kai wa ya niƙe a sake narkawa. Injin tsoho ne, makunninsa ya daɗe da lalacewa aka haɗa wayar kai tsaye, wuta na zuwa shi ma yana tashi, ba ya tambayar kowa. Kuma in wuta ta ɗauke da roba a cikinsa sai ya shaƙe, dole Malam Ado ya buɗe murfi ya sa hannu ya zaro ta kafin wuta ta dawo. Shekara goma sha bakwai yana sa hannu a bakin wuƙaƙen nan, ba don komai ba sai don ya yarda da ƙarfe.

Sai aka kawo mana sabon sufabaiza, Mustapha, shekarar da aka gama kullen korona. Yaro ne, a haife Zuwaira ta haife shi, ɗan gayu da agogo da takalmi mai sheƙi. Ba mugu ba ne can, tsoron manaja ne ya yi masa yawa. Shi kuma duk in zai sa mutum sauri sai ya koma Turanci. "Ku kwashe buhunan nan imidiyetli!" "Na ce jos nau, ba anjima ba!" "Ku biyu ku ɗauka sem tayim!" Wadda ta yi kuskure ya ce mata kiyales, wato mai ganganci.

Mu muna jin haushi, Zuwaira kuwa tsincewa take yi tana ajiyewa. Ta gane imidiyetli shi ne ko numfashi kada a ja a tsakani. Jos nau shi ne yanzun nan. Sem tayim abu biyu ne a lokaci ɗaya, kamar tafi. Har ta mayar da su abin tsokana. In muna cin abinci ta ce, "Talatu, miƙo min yajin nan imidiyetli, kada ki zama kiyales." Mu yi ta dariya. Wata rana Mustapha ya ji ta, ya ce, "Baba Zuwaira, yaushe kika yi digiri?" Ta ce, "A wurinka, Oga. Kai ne jami'ar, ihu ne darasin."

Ranar da abin ya faru Laraba ce, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Wata babbar mota ta zo daga Maraɗi tana jiran kaya a tsakar kamfani, direba yana ta danna hon. Tun safe wuta take rawa, don haka an tayar da janareto an bar shi yana gurnani, juya layi kaɗai ya rage. Sai wuta ta ɗauke ɗif.

Zuwaira tana fuskantar ƙofa, daga inda take tana hango darbejiya, tana kuma hango Malam Ado ta gefen ido. Ta ga ya buɗe murfi ya zura hannun dama kamar kullum. Ta ga Mustapha ya fita da gudu, ya fizgi sifana ya buga wilin sau ɗaya, gwam, yana bugawa yana yi wa mai janareto ihu, "Juya! Imidiyetli!" Ƙarar ƙarfen ba ta gama mutuwa a kunne ba fitilu suka kama, injuna suka tashi. Sai muka ji muryar Malam Ado yana kiran sunan Allah, irin kiran da ba na fatan ku taɓa ji.

Yatsu uku injin ya cinye. Babban yatsa da manuni ne suka rage. Aka naɗe hannun da rawanin maigadi aka sa shi a adaidaita zuwa asibiti. Mustapha ya ce kowa ya koma aikinsa, mota tana jira. Muka koma benci muka ɗauki reza. Zuwaira kuwa ta kafa wa bakin inji ido. Silifas suna fitowa tana dubawa, ɗaya bayan ɗaya, duk cikakku. Har aka tashi ba ta jefa ko ɗaya a kwando ba. Da yamma manaja ya zo kamar yadda ya saba, ya leƙa, ya ga kwando wayam, ya dafa kafaɗar Mustapha ya ce, "Gud."

Bayan kwana tara Malam Ado ya dawo da hannu a rataye a wuya. Aka ce masa ya zo ofis ran Juma'a mai zuwa da hantsi, za a zauna a kan maganarsa, akwai takardar da zai dangwala wa hannu. Mustapha ya ce masa takardar asibiti ce kawai. Shi kuma bawan Allah ya ce to.

Ran Alhamis Zuwaira ta ɗauki buhu za ta kai sito, hanya ta bi da ita ta ƙarƙashin tagar ofis. Ta ji Mustapha yana karanta wa manaja takarda. Turancin ya fi ƙarfinta, yana wucewa kamar ruwan kwata, amma sai ta ji wanda ta sani. Ta ji "tiri tayims". Ta ji "afta fayif minit". Ta ji sunan Ado, a bayansa kuma ta ji "kiyales". Ta tsaya cak da buhu a ka. Ta san abin da ake nufi, don ta ga an yi wa wasu. Duk wanda aka rubuta wa kiyales a takarda ya dangwala, sallamarsa ke nan, kuma maganar za ta bi shi kamfani-kamfani, daga Sharada har Bompai ba wanda zai ɗauke shi ko shara. An rubuta an buga ƙarfe sau uku, an jira minti biyar, shi ne ya yi ganganci ya ƙi cire hannu.

Ta dawo benci ta faɗa min a kunne. Na ce, "Zuwaira, ki rufa wa kanki asiri. Mu 'yan layin get ne fa. Yatsa ɗaya ne tsakaninki da zaman gida."

Ta ce, "Shi uku ya rasa."

Na ce, "Ba a kira ki shaida ba."

Ta ce, "Ranar da aka yi abin ma ba a kira ni kallo ba, amma na gani."

Ran Juma'a da hantsi aka shiga ofis, manaja da Mustapha da Malam Ado, da wasu maza biyu da aka zaɓo su ce e. Zuwaira ta ajiye reza, ta gyara ɗankwali, ta ɗauki kwandon nan shuɗi ta ɗora a ka kamar mai tallan gyaɗa. Ni ma ban san lokacin da ƙafata ta bi ta ba, na tsaya a bakin ƙofa. Ta yi sallama ta tura ƙofar ba ta jira an amsa ba. A lokacin har an buɗe tawada, Malam Ado ya miƙa babban yatsan nan da ya rage masa.

Ta ce, "Malam Ado, ku janye hannunku. Inji ya ci uku, kada takarda ta ci na huɗu."

Mustapha ya miƙe. "Baba Zuwaira, wa ya kira ki? Ki fita, ana mitin."

"Mitin ɗin na zo."

Manaja ya tambayi me take cewa. Mustapha ya juya ya yi masa Turanci a gurguje yana murmushi, da hannu yana nuna kamar ba komai. Zuwaira ta ce, "Ɗan nan, ba da bakinka zan yi magana ba. Bakinka ne ya rubuta takardar. Yau da nawa zan yi, ko ya karye ko ya gurɗe."

Ta dire kwando a kan teburin manaja, a kan takardunsa. Ta nuna fitilar sama ta ce, "Layit go." Ta nuna Malam Ado, ta zura hannunta cikin kwando ta ce, "Ado, hand insayid." Ta ɗaga yatsa ɗaya har kusa da hancin manaja, "Ƙarfe, wan. No tiri. Wan." Sannan ta tafa hannu da ƙarfi har maza biyun nan suka zabura. "Gwam, inji. Sem tayim. Imidiyetli. No fayif minit, yallaɓai. No wan minit. Imidiyetli!"

Wallahi irin muryar Mustapha ta yi, har yadda yake jan ƙarshen kalmar. Ɗaya daga cikin shaidun ya sunkuyar da kai yana danne dariya, ɗayan ya kama kallon silin.

Mustapha ya ce, "Tsohuwa ce, ba ta da agogo, ina ta san minti biyar?" Ya faɗa da Hausa, ya sake faɗa da Turanci.

Ta ce, "Agogo kam ba ni da shi. Ga agogona." Ta ɗaga kwando ta kifa shi, ta girgiza, ba abin da ya faɗo. Ta kalli manaja ido cikin ido. "Fayif minit, basket ful. Kullum, ebiri tayim, ful, kai kuma ka yi ta faɗa. Dat de, basket emti. Yu kom, yu luk, yu se gud." Ta dafa kafaɗar iska kamar yadda ya dafa ta Mustapha. "Gud."

Na ga fuskar manaja ta canja, don shi ya fi kowa sanin kwandon nan, ya fi sanin sa a kan sunayenmu. Ya tuna ranar, ya tuna ya yi murna. Ya kalli takarda, ya kalli Mustapha.

Zuwaira ba ta bari ya huce ba. Ta ce da ɗaya daga cikin shaidun, wanda ya ɗan yi makaranta, "Kai, tunda an kawo ka faɗar gaskiya, faɗa masa wannan. A kashe wuta yanzu a jira minti biyar da agogonsa a kunna. In silifas suka fito cikakku, ni maƙaryaciya ce, in fita da ƙafata." Mutumin ya kalli hannun Malam Ado, sannan ya faɗa.

Manaja ya miƙe ya cire agogonsa ya riƙe a hannu. Muka ɗunguma zauren injuna. Ya sa aka kashe, kowa ya matsa baya da hannu a sama, ya tsaya yana kallon agogo, mu muna kallon sa. Ban taɓa sanin minti biyar yana da tsawo haka ba. Aka kunna. Na farko ya fito babu dunduniya. Na biyu rabi ne. Zuwaira tana tsaye tana karɓa tana jefawa a kwando, ba ta ko kallon kowa, fat, fat, fat, har ya kusa cika kafin cikakke ya fito. Ta ɗauki kwandon ta ajiye a gaban takalmin Mustapha mai sheƙi. Ta ce, "Ga fayif minit ɗinka, Oga. Na ranar Laraba fa, ina ka kai su?"

A nan gaban kowa manaja ya yaga takardar gida biyu ya sa a aljihu. Malam Ado ya tsuguna a gindin bango ya rufe fuska da hannun hagu. Da ya samu bakin magana ya ce, "Hajiya Zuwaira, Allah ya saka." Ta ce, "Ban je Makka ba tukuna, Malam, ku dai ku yi min addu'a." Ba a sallame shi ba. Aka mayar da shi sito, aka kuma ce daga ranar shi ne mai buga ƙarfe, ba wanda zai juya layi sai ya zagaya ya dawo ya ce a juya. Injin niƙan ma sati bai cika ba aka sa masa sabon makunni.

To amma kada ku zaci an yi mata guɗa an ɗora ta a doki. Mustapha bai bar aiki ba, faɗa kawai ya sha, kuma yatsan bakin get nasa ne. Ran Litinin muka yi layi, ya nuna ta gabanta, ya nuna ni da nake bayanta, ya tsallake ta kamar ba mutum a wurin. Talata ma haka. Na ce mata mu je mu sami manaja. Ta ce, "In roƙi wa? Na faɗi abin da na gani, ba bara na je ba."

Ran Laraba ta zo da tukunya da murhu da benci, ta kafa a ƙarƙashin bishiyar da take kallon get ɗin sak, inda duk mai shiga da fita sai ya gan ta. Maigadi ya ce an ce ta matsa. Ta ce, "Ka ce musu kamfaninsu ya ƙare a bakin kwata, nan titin gwamnati ne." Ma'aikata kuwa da aka tashi cin abinci, kaf suka tsallako wurinta. Wani ya ce, "Iya, a zuba min imidiyetli," aka kwashe da dariya, sunan ya zauna.

Mustapha ya yi wata biyu yana zagaye ta yana zuwa can ƙarshen titi cin abinci. Wata rana yunwa ta ci ƙarfinsa ya zo ya tsaya yana sosa ƙeya. "Baba, a zuba min, ina sauri." Ta ce, "Jos nau, Oga." Ta sallami na gabansa, ta sallami na bayansa, ta gyara wuta, ta wanke cokali, yana tsaye da kwano a hannu mutane suna kallo. Sai da ta tabbata minti biyar ɗin nan ya cika sannan ta zuba masa, har da ƙarin mai. Ta ce, "Ka ga ba ka mutu ba."

Yanzu ta tsufa, gwiwa ta fara ba ta wahala, 'yarta Bilkisu ce take taya ta ɗora tukunya. Amma ku lura in kun je. In aka ɗauke wuta, kuka ji ƙarfe daga cikin kamfani, za ku ga ludayi ya tsaya a hannunta. Ba ta zuba wa kowa, ko gwamna ne. Tana ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, sannan ta kasa kunne ta jira. Duk ranar da injuna suka riga lokaci tashi, ta ce da ƙafarta za ta tsallaka titin nan, kuma ta san inda kwandon yake.